Shafi na Tara

Shagona na bakin tashar Yelwa,
tsakanin mai gyaran waya da mai tuyar ƙarfasa.
Ina buga wa mutane takardu:
koken gado, neman aiki, katin suna,
ɗari biyu shafi, in akwai wuta.

Wata Talata Labbo ya shigo,
malamin kimiyya na sakandaren bayan asibiti,
da takardu tara a cikin leda,
rubutunsa kamar jerin tururuwa bayan ruwan sama.
Ya ce, "Gajeren labari ne.
Kada ka gyara mini ko ɗigo."

Na yi bisimilla, na fara.
Labarin wani masunci ne, Nomau,
da jirgi ya kife da ɗansa ran kasuwa.
Kwana uku ana laluben Kwara da gora,
ruwa ya dawo da takalmi ɗaya.
Tun ranar Nomau ya naɗe buzunsa
ya cusa a rufin ɗaki.
Ladan na kira, shi yana ɗinkin taru.

Na jira ya tuba a shafi na biyar. Bai tuba ba.
Na jira mafarki, ko zazzaɓi mai gigitarwa,
ko wani dattijo ya tare shi a mashaya da aya.
Ba kowa. Kogi ne kawai, da mutum, da shiru.
A shafi na tara ya ce da matarsa:
"Na yi ta sallama. Ba kowa a gidan."
Nan labarin ya ƙare.

Yatsuna suka sandare.
Na tuna ranar da za a rufe baki
a ce wa hannu, kai faɗi abin da ka aikata.
Sai na ƙara layi ɗaya daga aljihuna:
"Da asuba aka ga Nomau a sahun baya."

Labbo ya karanta a tsaye.
Ya zaro jan biron da yake duba jarabawa da shi,
ya soke layin, a hankali, ba da fushi ba.
"Yana da kyau," in ji shi. "Amma naka ne."
Na ce, "Malam, ba ka tsoron Allah?"
Ya daɗe yana kallon fankar da ke juyawa.
"Takalmin na cikin akwatina.
Na ƙanena ne, Manu. Lamba talatin da shida."

Duk hujjojin da na tanada,
sawu da mai sawu, gini da magini,
suka maƙale mini kamar ƙayar kifi.
Ni ma na binne 'ya, damina huɗu ke nan,
kuma abin da ya fitar da shi daga masallaci
shi ya ja ni zuwa sahun gaba.
Ruwa guda ne:
ya haɗiye wani, ya tura wani gaɓa.
Ban faɗa masa ba. Ban san ta inda zan fara ba.

Wuta ta ɗauke. Aka kira magariba.
Butata ta tsage tun jiya.
Ya leƙa waje ya sayo ruwan leda biyu,
ya huda da haƙori,
ya tsuguna yana tsiyaya mini,
har ya tuna mini ban shafi kunne ba.
Na tafi. Ya zauna yana tsaron shago.

Washegari na buga masa nasa, yadda ya rubuta,
ya biya dubu da ɗari takwas, bai nemi ragi ba.
Layina na nan cikin na'ura, shi kaɗai a shafi.
Kowace asuba, in liman ya sallame,
kafin in taɓa carbi,
sai na waiwaya.